BISHOP HENRIQUE NA KONGO: ƊAN SARKIN DA YA ZAMA MATAIMAKIN BISHOP

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibanmu wane ne baƙar fata na farko da ya zama bishop, yawancinsu za su ɗaga hannu su ce Samuel Ajayi Crowther, wanda aka keɓe a Canterbury ta ƙasar Ingila a shekarar 1864. Amsar tana da kyau idan Ikilisiyar Angilikan ake nufi. Amma fiye da shekara 340 kafin Crowther an yi wani saurayi ɗan sarki daga ƙasar Kongo wanda Paparoma ya ɗaga zuwa matsayin bishop a ɗarikar Katolika. Sunansa Henrique. A lokacin da yake hidima, Sarki Muhammadu Kisoke ne ke kan gadon sarautar Kano, a cikin wannan ganuwa da muke wucewa ta ƙofofinta kullum. Tarihin wannan bawan Allah ne nake so in kawo mana a mujallar bana, domin akwai abin alfahari a cikinsa, akwai kuma abin baƙin ciki.

Sai dai kada mu manta cewa Afirka ta Arewa da Masar da Nubiya sun daɗe da bishop-bishop tun zamanin da. Kifriyanus na Kartaj da Agustin na Hippo duk 'yan Afirka ne. Abin da ya bambanta Henrique shi ne, shi ne na farko daga ƙasashen baƙar fata na kudu da hamadar Sahara da Ikilisiyar Roma ta ba wannan matsayi.

Ƙasarsa da Gidansu

Tsohuwar daular Kongo tana kudu da bakin kogin Kongo, a inda yau ake da arewacin Angola da yammacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Babban birninta shi ne Mbanza Kongo, a kan wani tudu. Sarkin ƙasar ana kiransa Mani Kongo, yana kuma da hakimai a manyan larduna shida, wato Mpemba da Soyo da Mbamba da Nsundi da Mpangu da Mbata. Mutanen ƙasar maƙera ne da masaƙa, suna saƙa tufafi masu kyau da zaren ganyen tukurwa. Kuɗinsu wasu 'yan ƙananan ƙwaryar kifin teku ne da ake kira nzimbu, waɗanda ake tsinta a tsibirin Luanda, kamar dai yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri.

Wajen shekarar 1482 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal mai suna Diogo Cão ya iso bakin kogin Kongo. Daga nan zumunci ya fara tsakanin sarakunan biyu. A 1491 Sarkin Fotugal ya aiko da firistoci da magina da kafintoci. Ranar 3 ga Mayu na wannan shekara aka yi wa Sarkin Kongo, Nzinga a Nkuwu, baftisma, ya ɗauki suna João, wato Yohanna. Don mu gane zamanin sosai, a wannan shekara Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano, wanda ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa.

Sarki João bai daɗe a cikin sabuwar bangaskiya ba, ya koma ga al'adun kakanninsa. Amma ɗansa Mvemba a Nzinga, wanda aka yi wa baftisma da suna Afonso, ya tsaya da ƙarfi. Shi ne hakimin Nsundi, kuma firistocin da suka bar fada suka sami mafaka a wurinsa. A wannan gida aka haifi Henrique wajen shekarar 1495. Ke nan ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana addu'a yana koyon karatu, yayin da kakansa da manyan fada suke kallon abin da wani ido.

Da tsohon sarki ya rasu wajen 1506, rikicin gado ya tashi tsakanin Afonso da ɗan'uwansa Mpanzu a Kitima. Aka gwabza a bakin Mbanza Kongo, Afonso ya yi nasara ko da yake mayaƙansa ba su kai na ɗan'uwansa yawa ba. Shi da kansa ya gaskata cewa taimakon sama ne ya ba shi gadon, saboda haka ya ƙudura a ransa zai mai da Kongo ƙasar Kirista.

Karatu a Lisbon

Sarki Afonso ya fahimci cewa bangaskiyar da ba ta da malamai 'yan ƙasa baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne, in rana ta fito sai ya tafi. Don haka ya buɗe makarantu a babban birni. Wani firist ɗan Fotugal, Rui de Aguiar, ya rubuta a 1516 cewa 'ya'yan manya fiye da dubu ne ke karatu, har da makarantar 'yan mata wadda 'yar'uwar sarki take koyarwa a ciki. Ya kuma ba da labarin yadda sarkin yake kwana a kan littattafai har barci ya sace shi.

Ban da wannan, sarki ya zaɓi samari daga gidan sarauta ya aika da su Fotugal, Henrique yana cikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ne ƙarami sa'ad da ya rabu da iyayensa ya shiga jirgin ruwa mai filafilai, tafiyar watanni a kan teku. A Lisbon aka sa shi a hannun firistocin ƙungiyar Yohanna Mai Bishara, a gidansu na Santo Elói. Can ya koyi harshen Fotugal da Latin da tauhidi da tsarin sujada. Ya yi fiye da shekara goma a wannan ƙasa mai sanyi, cikin mutanen da harshensu da abincinsu da launin fatarsu duk dabam suke da nasa.

Ku da kuke kwana a makaranta, kuna ƙidaya kwanakin da suka rage a ba da hutu, ku auna wannan. Henrique ba shi da hutun ƙarshen zango. Ba dukan samarin da aka aika tare da shi ne suka jure ba, waɗansu ciwo ya ɗauke su, waɗansu karatun ya gagare su. Shi kuwa ya nace har malamansa suka shaide shi a gaban Sarki Manuel na Fotugal.

Mene Ne Mataimakin Bishop?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san irin muƙamin da aka ba shi. A tsarin Katolika kowane bishop yana da kujera, wato garin da ake kiransa da sunansa. A ƙarnonin baya akwai garuruwa da yawa a Afirka ta Arewa da Asiya waɗanda suka taɓa samun bishop, amma daga baya jama'ar masu bi ta ƙare a cikinsu. Ikilisiya ba ta share sunayen waɗannan kujeru ba. Sai ta riƙa naɗa mutum da sunan ɗaya daga cikinsu, sa'an nan ta tura shi ya taimaki wani bishop mai babbar ƙasa.

A Turai ta wancan zamani irin waɗannan mataimaka su ne ke ɗauke da nauyin aikin yau da kullum. Manyan bishop-bishop sau da yawa suna fadar sarakuna suna harkar mulki. Mataimaki shi ke yawo gari gari yana ɗora wa matasa hannu don tabbatar da su, yana naɗa firistoci, yana keɓe sababbin majami'u da bagadai. Yana da cikakken ikon ruhaniya na bishop, amma ba shi da ikon mulkin dayosis. Ba shi ke yanke shawara ta ƙarshe ba, ba shi ke riƙe da dukiya ba. Idan muka kwatanta da sarautarmu, kamar wakili ne da aka naɗa wa rawani amma ƙasar ta wani ce.

Naɗinsa

A 1514 Paparoma Leo na Goma ya kafa dayosis na Funchal a tsibirin Madeira, ya sa dukan ƙasashen da jiragen Fotugal suka kai a ƙarƙashinta, tun daga gaɓar Afirka har Indiya. Bishop ɗinta na farko, Diogo Pinheiro, yana zaune a Fotugal. Ta yaya mutum ɗaya zai yi kiwon garken da ya bazu haka?

Sarki Afonso yana son ƙasarsa ta sami bishop nata. Sarki Manuel ya goyi bayan a ɗaga Henrique, ya rubuta wa Roma. Akwai matsala guda, dokar Ikilisiya ta ce sai mutum ya kai shekara 30 kafin ya zama bishop, shi kuwa bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Duk da haka, a watan Mayu 1518 Paparoma Leo ya amince, ya ba shi kujerar Utika, wani tsohon gari kusa da Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya sa shi mataimakin Bishop na Funchal. A watan Yuni na wannan shekara kuma Paparoma ya ba da izini a riƙa naɗa 'yan Afirka da 'yan Indiya da suka cancanta su zama firistoci. Wannan ya faru 'yan watanni bayan Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Jamus a watan Oktoba 1517. Wato yayin da Ikilisiyar Turai ta fara tsagewa, wata ƙofa tana buɗewa a Afirka.

Henrique ya jira har shekarunsa suka ɗan ƙaru. A 1520 aka naɗa shi firist, daga bisani aka keɓe shi bishop. A 1521 ya shiga jirgi ya nufi gida.

Komawa Gida

Ba sai an faɗa ba irin murnar da aka yi a Mbanza Kongo. Yaron da ya tafi ya dawo da hular bishop da sanda a hannu, yana iya wa'azi da Kikongo, harshen da ya sha a nono, ba sai da tafinta ba. Mahaifinsa ya ba shi lardin Mpangu domin harajin lardin ya riƙe shi da aikinsa, gama a tsarin Kongo da ƙasa ake biyan babban ma'aikaci.

Amma aikin ya fi yadda aka zata wuya. Da fari, ma'aikata kaɗan ne. Ƙasar tana da faɗi, firistocin da ke cikinta kuwa ana iya ƙidaya su da yatsu, yawancinsu kuma suna babban birni. Dubban mutane sun karɓi baftisma amma ba mai koya musu. A 1526 sarki ya roƙi Fotugal ta aiko da firistoci 50 don a rarraba su cikin larduna, ba a kuwa aiko da ko kusa da haka ba.

Na biyu, halin waɗansu daga cikin firistocin da suka zo daga Turai ya zama abin tuntuɓe. Tun a 1514 Sarki Afonso ya kai ƙara cewa waɗansunsu sun bar zaman tare, kowa ya kama gidansa, sun shiga saye da sayar da bayi. Mataimakin bishop ba shi da cikakken ikon hukunta irin waɗannan, balle ma Turawa ne masu ganin cewa Sarkin Fotugal ne kaɗai ubangidansu.

Na uku, akwai yarjejeniya tsakanin Roma da Fotugal wadda ta ba Sarkin Fotugal ikon zaɓen bishop-bishop da tura firistoci a ƙasashen ƙetare, shi kuma ya ɗauki nauyin kuɗin aikin. Saboda haka ba abin da zai tafi Roma daga Kongo sai ta Lisbon, ba kuma jirgin da zai kai Lisbon sai ya bi ta tsibirin São Tomé, inda 'yan kasuwa masu gonakin rake suke tare wasiƙu da kaya yadda suka ga dama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ikilisiyar Kongo ta dogara ga jiragen waɗanda cinikinsu yake cinye 'ya'yanta.

Na huɗu, lafiyarsa ba ta da ƙarfi. A wasiƙunsa na 1526 mahaifinsa ya ambaci yawan ciwon bishop ɗin, a shekarar kuma ya roƙi a aiko wa ƙasar da likitoci da masu haɗa magani. Wannan rashin lafiya ya hana shi yawon larduna yadda aikin yake bukata.

Shekarar 1526 da Cinikin Bayi

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace nauyi a zamanin hidimarsa. Gonakin rake na São Tomé suna bukatar hannaye, 'yan kasuwa kuma suka cika ƙasar da kayan Turai. Hakimai suka fara samun kaya kai tsaye ba ta hannun sarki ba, biyayya ta ragu. Kwaɗayi ya kai ga ana sace 'ya'ya masu 'yanci, har da 'ya'yan manya da dangin sarki, a kai su bakin teku da dare a sa musu lamba da ƙarfe mai zafi.

A watan Yuli 1526 Sarki Afonso ya rubuta wa Sarki João na Uku, wanda ya gaji Manuel a 1521, cewa ƙasarsa tana ƙarewa, abin da yake bukata daga Fotugal shi ne firistoci da malaman makaranta da kayan Jibin Ubangiji, ba 'yan kasuwa ba. A watan Oktoba ya kafa kwamitin mutum uku da za su binciki kowane bawa kafin a fita da shi, don a tabbatar ba ɗa mai 'yanci ba ne.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko da ba daɗi. Sarki Afonso bai hana bauta gaba ɗaya ba. Shi ma ya sayar da kamammun yaƙi, ya kuma aika da bayi kyauta zuwa Fotugal. Abin da ya yi yaƙi da shi shi ne sace talakawansa. Ke nan bishop ɗin ya yi hidima a cikin gidan da yake kuka da wannan ciniki yana kuma cin riba daga gare shi. Wannan tabo ne a tarihin gidan, bai kamata mu rufe shi ba.

A cikin wannan shekara kuma sarki ya nemi a mai da Mbanza Kongo dayosis mai zaman kanta, ɗansa ya zama cikakken bishop ɗinta. A wajen wannan lokaci ne Bishop Diogo Pinheiro ya rasu, dama ta samu ke nan. Amma Lisbon ba ta so a yi kujerar da ba ta hannunta. Aka yi ta jan maganar, aka kawo shawarar Henrique ya tafi Roma ya kai gaisuwar mahaifinsa ga Paparoma. Tafiyar ba ta yiwu ba.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Bishop Henrique ya rasu wajen shekarar 1531, bai kai shekara 40 ba. Ya yi kimanin shekara goma yana hidima a ƙasarsa, har ya koma ga Ubangijinsa yana mataimaki, da sunan garin Utika wanda ba garkensa a ciki.

A 1534 aka kafa dayosis a São Tomé, aka sa Kongo a ƙarƙashinta, wato a hannun tsibirin da sarki ya fi kuka da shi. A ranar Ista ta 1540 waɗansu Turawan Fotugal suka harbi Sarki Afonso a cikin majami'a, Allah ya kiyaye shi. Ya rasu wajen 1543 bai ga cikar burinsa ba. Sai a 1596 Paparoma Clement na Takwas ya ba Mbanza Kongo, wadda a lokacin ake kira São Salvador, kujerar bishop, amma Turawa aka riƙa naɗawa a kai.

Duk da haka irin da aka shuka bai mutu ba. Malamai 'yan ƙasa, waɗanda ba firistoci ba ne, su suka riƙe koyarwa a ƙauyuka tsara bayan tsara. A 1624 aka buga littafin katekizim da harshen Kikongo. Kangon babbar majami'ar birnin, wanda mutanen wurin suke kira Kulumbimbi, yana nan tsaye. Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Mbanza Kongo a 1992, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma ku dubi tsawon jiran da aka yi. In aka ɗebe yankin Habasha, sai a 1939 ɗarikar Katolika ta sāke keɓe baƙar fata ɗan wannan nahiya bishop, sa'ad da Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ɗora wa Joseph Kiwanuka na Uganda hannu a Roma. Fiye da shekara 400 ke nan. A Nijeriya, Dominic Ekandem ne na farko, an keɓe shi a 1954, shi ma ya fara da matsayin mataimakin bishop a Kalaba, daga baya ya zama Kadinal a 1976. A ƙasar Kongo kuwa sai a 1956 aka keɓe Pierre Kimbondo, shi ma mataimaki, a Kisantu.

Darasi Gare Mu

Abu na farko, ilimi amana ne. Henrique ya sami abin da yaran zamaninsa kaɗan suka samu, yana kuma iya zamansa a Lisbon cikin daraja. Ya zaɓi komawa wurin mutanensa. Ku da za ku fita bana, waɗansunku za su kai jami'a, waɗansu har ƙasashen waje. Ku tuna da garin da ya haife ku.

Abu na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An keɓe bishop ɗaya, amma ba a kafa makarantar horar da firistoci a ƙasar ba, don haka da ya faɗi ba wanda ya ɗauki sandarsa. Ikilisiya ko makarantar da ba ta shirya magada ba, ranar da babba ya kwanta aikin ya kwanta tare da shi.

Abu na uku, wanda yake ciyar da kai shi yake juya ka. Muddin jama'ar masu bi suna jiran komai daga waje, ba za su iya cewa a'a ba ranar da ya kamata su faɗa. Baikonmu da zakkarmu, komai ƙanƙantarsu, su ne 'yancinmu.

Abu na ƙarshe, matsayi na biyu ba abin raini ba ne. Mataimakin shugaban ɗalibai, mataimakin shugaban makaranta, mai koyar da katekizim a ƙauye, sau da yawa su ne ke ɗauke da kayan alhali sunan na wani ne. Henrique bai taɓa zama a kujerar kansa ba, ga shi kuwa bayan shekara 500 muna ambatonsa a Kano. Allah ya ba mu aminci a cikin abin da aka danƙa mana, babba ne ko ƙarami. Amin.